Tambaya da Amsa: Ina 2π ɗina ya shiga?

Salamu alaikum Malam, ina shekarar farko a jami'ar Ngaundere ɓangaren lissafi, dan Allah a warware min wannan. Antegiral na dt daga 0 zuwa 2π kowa ya san 2π ne, toh sai na canza harafi na sa z = e^(it), dt ya zama dz/(iz), da na zo kan iyakoki t = 0 ya ba ni z = 1, t = 2π ma z = 1, daga 1 zuwa 1 kenan ai sifili ne!
Hamadu, daga Dang

Wa alaikumus salam Hamadu. Canjin da ka yi daidai ne ƙanena, a wajen iyakokin ne ka zame. A kan layin lambobi na yau da kullum hanya ɗaya ce tsakanin wuri da wuri, shi ya sa iyakoki kaɗai ke isar mu, amma da ka shigo da i, wato lambar da i² = −1, ka bar layi ka faɗa fili, kuma z ɗinka ba zaune yake a kan 1 ba, da'ira ya zagaya cif da 0 a tsakiyarta. Ka hau mashin ya zaga da kai kasuwa ya dawo da kai inda ya ɗauke ka, ka ce ba ka je ko'ina ba ka ga ko ɗan acaba zai bar maka kuɗinsa.

Matsalar 1/z ce, ba ta da ma'ana a 0, kamar rami ne a wajen, ga shi 0 ɗin ka kewaye. Wanda za ka so ka kira antegiral na 1/z, wato ln z, yana ɗauke da kusurwar z a cikinsa, duk zagaye ɗaya kusurwar ta ƙaru da 2π. Saboda haka antegiral na dz/z a da'irar 2πi ne, ka raba da i, ga 2π ɗinka nan ba inda ya je. Augustin Cauchy na Faransa ya yi rubutu kan wannan tun 1825, za ku iske shi gaba, kar ka ce ban faɗa maka ba.

Inda babu irin wannan rami kam ka canza abinka hankali kwance. Misali antegiral na e^x cos x, da yawa sai sun yi ta fama da shi kashi-kashi har sau biyu, ni kam ɓata tawada nake ganinsa. Ka ɗauki e^((1+i)x), ka sa u = (1+i)x, ka sami e^u/(1+i), ka ware ɓangaren da ba i, ya ba ka e^x(cos x + sin x)/2, kar ka manta da + C dai kar a yanke maka maki.