Filin Matambayi: Jiya Ce Ke Dawowa?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan wata. Masu su ba su san juna ba, amma damuwarsu ɗaya ce: abin da aka zaci an ga bayansa ya sake ɓullowa. Malamin tarihi, ungozomar asibiti da malamin gona, dukkansu a nan Sakkwato, su suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, a majalisarmu wani ya ce tarihin ƙasar nan zagaye yake yi duk shekara ɗari: jihadi a 1804, Turawa a 1903. Wani kuma ya ce kowace daula iyakarta shekara 120. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki? Ɗalibi, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Maganar shekara 120 ta Ibn Khaldun ce, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. A littafinsa Muƙaddima ya ce daula takan rayu zuriya uku, kowace wajen shekara 40. Ta farko ta sha wuya, kanta a haɗe, ita ta kafa mulki. Ta biyu ta ga wahalar iyaye amma ta fara ɗanɗana daɗi. Ta uku a gidan sarauta ta buɗe ido, haraji ya yi nauyi don ciyar da fada, sojan haya ya maye gurbin dangi, sai wasu masu haɗin kai su zo daga gefe su ture ta.

Kwarin Rima ya ba shi gaskiya fiye da sau ɗaya. Kanta ya kafa Kabi a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame. Da ƙarfin Kabi ya ja baya, Zamfara ta ɗaga. Gobirawa sun gangaro daga arewa sun zauna a ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, amma a tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, suka ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama fadarsu. Ita ma Alƙalawar ta faɗi a 1808 a hannun jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu shekara huɗu kacal kafin nan. Kowane karo, wanda ake rainawa a gefe shi ya gaji gari.

Sai dai kada ka mayar da wannan agogo. Gidan Saifawa na Barno ya yi ɗaruruwan shekaru kafin ya ƙare a 1846, Usmaniyawan Turkiyya sun haura 600. Lalacewa kuma ba ta jiran jika. Tun kafin a ci Alƙalawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi har ya bar ta da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 ma ba ta bi tsarin ba: bindiga mai ruwa ce ta fi ƙarfin doki da mashi. Gadon sarautar bai gushe ba kuwa, Sarkin Musulmi na yanzu shi ne na 20.

Shi kuma mai maganar shekara ɗari, ka tambaye shi me ya faru a 2003 da ya kai girman waɗancan biyu. Shekara biyu ya tsinta suka dace, ya rufe ido ga sauran. Hadisin mai jaddada addini a kan kowace shekara ɗari, wanda Abu Dawud ya ruwaito, da lissafin Hijira yake tafiya, kuma a nan akwai abin da na fi son ka riƙe: jiran zagayowar kansa yakan motsa mutane. Dab da shekarar Hijira ta 1300 Mahadin Sudan ya bayyana, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, wasu suka mamaye Haramin Makka da da'awar Mahadi.

In aka ce maka abu ya maimaita kansa, raba takarda gida biyu. Rubuta wa ke riƙe da ƙasa, wa ke biyan haraji, wa ke da makami, yaya damina ta kasance, a zamanin farko da na biyu. Sannan ka nemo inda waɗannan dalilai suka haɗu amma abin bai faru ba. Wannan mataki na ƙarshe shi 'yan majalisa suke tsallakewa.

TAMBAYA: Ɗana na fari yana raye lafiya. Na biyu ya yi shawara washegarin haihuwa, ya koma kwana huɗu. Na uku ba rai aka haife shi. Ana cewa wabi nake yi, kamar gwaggona, wai yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Yanzu ina da ciki wata uku, tsoro ya hana ni barci. Wata uwa, Wurno.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sa masu ceto ne, Ya sauke ki lafiya. Ba yaro ɗaya ke kai-komo ba. Idan rasuwa ta jeru iri ɗaya, sau da yawa dalili ɗaya ne ba a gano ba, yana nan yana jiran kowane ciki.

Jerin da kika kawo, na fari lafiya, na biyu shawara da wuri, na uku a mace, shi ne ke sa mu fara duba rukunin jinin uwa. Bayan A, B, AB da O, akwai alamar da ake kira Rhesus: yawancin mutane suna da ita, kaɗan ba su da ita. In uwa ba ta da ita, ɗan ya gado ta wajen uba, jininsa kaɗan yakan shiga jikinta lokacin haihuwa ko ɓari. Jikinta sai ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa garkuwa. Na fari ya riga ya fita, na bayansa garkuwar ke farfasa wa jini, kuma abin yakan tsananta daga ciki zuwa ciki. Rigakafinsa allurar anti-D ce, cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, da kuma wajen mako na 28 na ciki. Amma in garkuwar ta riga ta haɗu allurar ba ta warware ta, don haka kada a saya a kemis a ce an gama. Ki je awo cikin makon nan. A duba rukunin jininki da na maigida, a yi gwajin da ke nuna ko garkuwar ta haɗu. In ta haɗu, awonki da haihuwarki su koma babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda za a iya sa jariri a fitilar shawara ko a sauya masa jini. Ba daga wasiƙa za a yanke hukunci ba, gwajin ne zai faɗa.

Ga sauran iyaye masu irin wannan jarrabawa, abu mafi amfani da za ku kai wa likita shi ne shekarun kowane yaro ranar da ya rasu da alamun da ya nuna. Jaririn da ya fara shan nono lafiya, sannan tsakanin kwana 3 da 14 ya daina kamawa, jiki ya sandare, wannan tetanus ne, ta cibiya yake shiga: reza marar tsabta, toka, tsumman gashi. Allurar da ake yi wa mai ciki da man chlorhexidine a cibi suna tare shi. Wanda ya wuce wata shida sannan hannu da ƙafa suka fara kumbura, ga ɗashewa da zazzaɓi a kai a kai, a duba sikila. Iyaye biyu masu AS, kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu ne na SS, kuma lissafin sabo ne kowane karo, ba a cewa an haifi ɗaya saura uku lafiya. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar, shi ya sa abin kan bi dangi. Wanda kuma ya rame bayan yayen gaggawa saboda kwanika, tamowa ce, maganinta a bar wajen wata 24 tsakanin haihuwa da wani cikin.

Shawarar da ta fito a ranar farko ba ta jira. Kada a tsaya shanya jariri a rana ko ba shi jiƙo.

TAMBAYA: Mahaifina ya ce azumin da muka yi a 2025 irinsa ya yi yana saurayi, zafi ɗaya, wata ɗaya. Ta yaya? Matashiya, Gwadabawa.

AMSA: Baba ya yi gaskiya, kuma wannan zagaye ne na hakika da ake iya lissafawa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta rana 365, bambanci wajen kwana 11. Raba 365 da 11, za ki samu kusan 33. Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, na 1992 ma a farkon Maris ya kama. A 1997 Ramadan ya shigo sau biyu, Janairu da ƙarshen Disamba, haka zai sake yi a 2030 in Allah Ya kai mu. Don juya shekara, cire 622, ki ninka da 33, ki raba da 32: 1804 za ta ba ki 1218 da 'yan kai, shekarar hijirar Shehu. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, kuma ba ya maye gurbin ganin wata.

TAMBAYA: Malam, shekara biyar ke nan hatsina ke ƙarewa kafin shuka ta yi ƙwari, in ci bashi, kaka ta yi in biya, in sake komawa gidan jiya. Tsofaffi sun ce yunwa lokacinta gare ta, duk shekara goma. Ko ita ce? Manomi, Tangaza.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malam. Manyan yunwoyin da aka yi a Arewa sun faɗo a 1914, wadda ake kira Kakalaba, sai 1927, 1942, 1954, 1973 da 1984. Tazararsu 13, 15, 12, 19, 11, ba ƙa'ida. Taka kuwa duk shekara take zuwa, kuma a cikin rumbu take, ba a sama ba.

Mu yi misali. Gida mai mutum goma yana cin kwano biyu a yini, kwano 730 a shekara, wajen buhu 18 in buhu kwano 40 ne. A ce an samu buhu 20. Zakka ta ɗauki 2. Buhu 2 da aka ci falle a Agusta an biya 4. An sayar da 2 don biki, a lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci araha. Saura 12, kwano 480, cin kwana 240. Daga Oktoba, ƙarshen Mayu rumbu ya yi fayau, daidai lokacin iri da taki. Maigida ya tafi ƙwadago gonar wani, noman fari na tasa ya makara, ciyawa ta sha takin, amfanin bana ya gaza na bara. Ka ga bashin da kansa yake haifar da na baɗi. Ninkin nan kuma ka kai shi gaban malamai, riba ce.

Inda ake yanke igiyar shi ne ranar da aka gama sussuka. Auna abin da ka samu da kwano, kada ka ƙiyasta da ido. Ware cin wata huɗu na damina, buhu 6 a misalinmu, ka liƙe rumbunsa, kada a buɗe sai ruwa ya sauka. Haka kakanni suke yi, su tafi cin rani don bakin da ke gida ya ragu. Giɓin ya fi sauƙin cikewa da rani, lokacin da akwai aikin fadama kuma hatsi bai yi tsada ba. Kuɗin biki ya fito daga wake ko dabba. Layyar 2025 ta kama 6 ga Yuni, tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, don haka a 'yan shekarun nan ragon da ka turke da harawarka zai fita kasuwa gab da shuka, kuɗinsa ya sayi taki.

Wake kuwa ƙwari ne ke tilasta sayar da shi da wuri. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana su iska su mutu, ba sai an zuba fiya-fiya ba, wadda guba ce ga mai ci. A shanya waken har ya yi ƙaras a haƙori, a hura kowace leda a tabbatar ba huji, a matse iskar, a ɗaure ta ciki daban, ta tsakiya daban, buhun waje daban. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, don huji ɗaya ya isa ya ɓata buhu. In an buɗe an ɗiba, a sake matsewa a ɗaure nan take.