Gargaɗin "ka tura wa kowa" da sanarwar "ka sabunta manhajarka": wanne zan gaskata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da shafin intanet na wata ƙungiya tamu, da WordPress aka gina shi. Saƙonni biyu ne suka shigo mini ta imel suka ɗaure mini kai. Na farko yayana ne ya turo, wai akwai sabuwar ƙwayar cutar kwamfuta da ke zuwa cikin saƙo mai taken gayyata, da zarar ka buɗe za ta ƙone rumbun kwamfutarka, wai Microsoft ta tabbatar, kuma a tura wa duk wanda aka sani. Na biyu ya ce daga sashen tsaro na WordPress yake, an gano ɓaraka a shafinmu, in latsa wani wuri in sauke maganinta nan take. Ban da waɗannan, duk lokacin da na shiga wurin gudanar da shafin ina ganin sanarwar cewa sabon zubin manhajar ya fito, amma na daɗe ina ƙyale ta saboda tsoron kada ita ma yaudara ce. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, saƙo na farko ƙanzon kurege ne, na biyu tarko ne, ita kuwa sanarwar nan da ka daɗe kana kawar wa kai ita ce ta gaskiya a cikin ukun.

Bari mu fara da na Yaya. Wannan gargaɗi tsohon yayi ne. A watan Fabrairun 2006, lokacin wasannin Olamfik na hunturu a birnin Turin na Italiya, ya zagaya duniya da cewa fayil mai suna gayyata zai buɗe hoton wutar Olamfik ya ƙone rumbun kwamfuta, har ana jingina labarin ga CNN da kamfanin McAfee. Babu irin wannan cuta a lokacin, yanzu ma babu. Kafin shi an yi "Good Times" a 1994, wanda ya ce karanta saƙo mai wannan take kaɗai ya isa ya shafe komai da ke cikin kwamfuta. A 1997 kuma aka fito da na Bill Gates, wai Microsoft na gwada wata manhaja mai bin sawun imel, kuma duk wanda ya tura saƙon gaba zai samu dala 1,000. Har yau akwai masu jiran wannan kuɗi. Babu wata hanya da kamfani zai ƙirga wa ya tura wa wa saƙo a tsakanin akwatunan imel na duniya, balle ya biya su.

Da ka karanta irin waɗannan saƙonni da yawa, za ka ga zubinsu ɗaya ne. Ka sake duba na Yaya: za ka ga an ce "jiya aka gano" ko "a makon nan", amma babu kwanan wata. Da gangan ake barin sa haka, domin saƙon da ba shi da kwanan wata ba ya tsufa, bayan shekara goma ma jiyan nan tana nan. Za ka ga sunan babban kamfani, amma ba za ka ga adireshin sanarwar da kamfanin ya fitar ba. Sai manyan baƙaƙe da alamun motsin rai jere-jere. A ƙarshe kuma sai buƙatar da ita ce ainihin manufar: ka tura wa kowa. Ni a wurina wannan jimla kaɗai ta isa hujja. Kamfanonin tsaron kwamfuta ba sa roƙon jama'a su yaɗa musu labari daga akwati zuwa akwati. In sabuwar cuta ta ɓulla, manhajar rigakafin da ke kwamfutarka ce take karɓar bayaninta kai tsaye daga gare su, ba tare da ka ma sani ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai in ba ta yi amfani ba ba za ta cutar ba. Tana cutarwa. A 2002 an yaɗa saƙon da ya ce mutane su nemi wani fayil mai suna jdbgmgr.exe, mai alamar ɗan beyar na wasan yara, su goge shi domin ƙwayar cuta ce. Kowa ya duba ya same shi a kwamfutarsa, sai ya ce lallai gaskiya ne. Alhali fayil ne na Microsoft da ke zuwa tare da Windows tun asali. Shekara guda kafin nan an yi wa sulfnbk.exe irin wannan ƙazafi, mutane suka riƙa goge shi da hannunsu. Ko saƙon da ya faro da gaskiya ma ba a iya tsayar da shi. A 1989 wani yaro ɗan Birtaniya, Craig Shergold, mai fama da ƙari a ƙwaƙwalwa, ya nemi a aiko masa da katunan gaisuwa don ya shiga kundin bajinta na Guinness. Ya shiga, an yi masa aiki a Amurka a 1991, ya samu sauƙi, amma katuna miliyoyi suka ci gaba da kwararowa shekara da shekaru, iyalinsa suna roƙon a daina, ba mai ji. Lissafin ma ba ya buƙatar ƙwarewa: in kowa ya tura wa mutum goma, a zagaye na goma an kai saƙo biliyan 10, fiye da yawan mutanen duniya. Ga kuma adireshin mutane da ke taruwa a saman saƙon duk lokacin da aka tura shi, wanda ganima ce ga masu aika saƙonnin damfara. Ba banza ba WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya a duk duniya tun Janairun 2019.

Kada a fahimce ni da cewa imel ba ya ɗauko cuta. Melissa a 1999 da ILOVEYOU a Mayun 2000 ta imel suka yaɗu, suka durƙusar da ofisoshi a ƙasashe da dama. Amma ta fayil ɗin da aka maƙala wa saƙo suka shiga, kuma ba gargaɗin tura-wa-kowa ne ya tsayar da su ba. Yaya dai da kyakkyawar niyya ya turo. Ka amsa masa shi kaɗai, ban da sauran mutanen da ya jera a saƙon, ka yi masa godiya, ka nuna masa cewa in ya kwafi jimla ɗaya daga ciki ya saka a Google, zai ga labarin ya girmi wayar da ke hannunsa. Shafin Snopes, wanda aka kafa tun 1994, ya tattara irin waɗannan da yawa.

Saƙo na biyu ya fi na farko sharri nesa ba kusa ba, domin shi ba yaɗawa yake nema ba, mabuɗin shafinku yake nema. A Disambar 2023 kamfanonin tsaro Wordfence da Patchstack sun fallasa irinsa sak: imel da sunan sashen tsaro na WordPress, ɗauke da lambar ɓaraka ta bogi, CVE-2023-45124, da maɓallin da ke kai mutum wani shafi da aka kwaikwayi wordpress.org da shi, har da sharhin yabo na ƙarya daga "masu amfani". Wanda ya sauke "maganin" ya ɗora a shafinsa, sai ya ga saƙon cewa an toshe ɓarakar, hankalinsa ya kwanta. A bayan fage kuwa abin ya ƙirƙiri ɓoyayyen mai gudanarwa, ya buɗe wa masu kutse ƙofar da za su riƙa shiga yadda suka ga dama. WordPress da kanta ta fito ta bayyana cewa sashen tsaronta ba ya aiko wa kowa imel yana neman ya ɗora wata manhaja ko ya ba da kalmar sirri. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 2003 wata cuta mai suna Swen ta yi ta yawo da sunan gyaran tsaro daga Microsoft.

Ƙa'idar da nake bi, kuma nake ba kowa, ita ce: ko daga wa saƙo ya ce ya fito, ba na latsa abin da ke cikinsa don in sabunta wani abu. Sai in rufe imel, in rubuta adireshin shafina da hannuna, in shiga wurin gudanarwa, in duba sashen sabuntawa. In da gaske akwai gyara, zan same shi a can. Sunan mai aikowa da ake gani a saman imel ba shaida ba ce, kowa na iya rubuta abin da ya so a wurin.

Sai batun sanarwar da kake gudu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, don haka ban ga laifinka ba. Amma ga yadda abin yake aiki. WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, ita ke riƙe da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga kowa. Ranar da aka fitar da gyara, masu kutse sai su ɗauki sabon zubi su kwatanta da tsoho, inda suka ga bambanci nan ramin yake. Daga nan sai su saki manhajojinsu su riƙa bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, suna neman wanda bai gyara ba. Wato hatsarin tsohon zubi ƙaruwa yake yi bayan fitowar gyara. A ƙarshen Janairun 2017 an fitar da WordPress 4.7.2, aka jinkirta bayyana wata babbar ɓaraka da ya toshe har kusan mako guda don mutane su samu sabuntawa. Da aka bayyana, cikin 'yan kwanaki aka ɓata fiye da shafi miliyan ɗaya da rabi na waɗanda suka yi jinkiri. Haka ta faru da cutar kwamfuta ta WannaCry a Mayun 2017, wadda ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris.

Kada ka ce shafinmu ƙarami ne, wa ya san da mu. Manhajar da ke farauta ba ta san ƙarami ko babba ba. Shafinku zai yi musu amfani wajen aika saƙonnin damfara, ko ɓoye tallan caca da magungunan bogi, ko karkatar da masu ziyara zuwa wani wuri. Sau da yawa mai shafi ba ya sani sai ranar da Google ta fara nuna wa mutane jan allon gargaɗi kafin su shiga.

Gaskiya ne sabuntawa kan zo da nata ciwon kan. A 2007 wani ya kutsa inda ake sauke WordPress ya gurɓata zubi na 2.1.1, sai da aka yi gaggawar fitar da 2.1.2. A Fabrairun 2018 zubi na 4.9.3 ya lalata tsarin sabunta kai, aka fitar da 4.9.4 washegari, mutane suka ɗora da hannu. Amma irin waɗannan tsiraru ne. Abin da ya fi faruwa shi ne wata tsohuwar fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, ta ƙi jituwa da sabon zubi. Maganin wannan kwafin ajiya ne. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki kwafin fayilolin shafin da na rumbun bayanansa, duka biyun, ka ajiye a wani wuri dabam, ba a kan na'urar da shafin ke zaune ba. Yawancin kamfanonin da ke ba shafuka masauki suna da maɓallin yin haka. Sannan ka zaɓi lokacin da mutane ba su cika shiga ba, ka sabunta fulogin ɗaya bayan ɗaya kana leƙa shafin, don in wani abu ya karye ka san mai laifin.

Ka lura da lambobin zubin WordPress. Daga 6.4.1 zuwa 6.4.2 ƙaramin gyara ne, galibi na tsaro da kurakurai, ba a jinkirta shi, kuma tun zubi na 3.7 a 2013 WordPress ke yin irinsa da kanta in ba an kashe tsarin ba. Daga 6.4 zuwa 6.5 babban sauyi ne, babu laifi ka ɗan dakata kwanaki kaɗan masu fulogin su daidaita nasu. Tunda naku ya daɗe ba a taɓa ba, ka tambayi kamfanin masaukinku wane zubin PHP kuke kai, wato harshen kwamfutar da WordPress ke aiki da shi, domin tsohonsa kan hana sabuwar manhaja aiki. Duk fulogin da ba kwa amfani da ita ka goge ta gaba ɗaya, kashe ta kawai bai wadatar ba, mafi yawan ɓarakar da ake samu a WordPress daga fulogin take fitowa. Wadda kuma ta kuɗi ce wani ya ba ku "kyauta" daga wani lungu na intanet, ita za ka fara cirewa.

Abu biyu kan tsorata mai sabuntawa karon farko. Wani lokaci shafin kan maƙale yana nuna gajeren rubutu cewa ana aikin gyara, a dawo bayan minti ɗaya, kuma ya ƙi wucewa. Ka shiga babban kundin fayilolin shafin, za ka ga wani ɗan fayil mai suna .maintenance, da ɗigo a gabansa, ka goge shi, shafin zai dawo. In kuwa wata fulogin ce ta kayar da shafin, tun zubi na 5.2 WordPress kan aiko wa mai gudanarwa imel da sunan fulogin ɗin da hanyar shiga ta musamman don a kashe ta. Wannan imel ɗin na gaskiya ne, kuma za ka gane shi: yana zuwa ne a daidai lokacin da shafin ya faɗi a gaban idonka, adireshin da ke ciki na shafinku ne, ba ya kuma cewa ka sauke komai.

In har ka riga ka latsa saƙo na biyu ka ɗora abin da ya ba ka, goge shi kaɗai ba zai fitar da su ba. Ka sanar da kamfanin masaukinku yau, ku mayar da shafin kan kwafin ajiyar da aka ɗauka kafin ranar, ka sauya kalmar sirrin duk masu gudanarwa da ta rumbun bayanai da ta asusun masaukin, sannan ka sa wanda ya iya ya duba jerin masu gudanarwa daga cikin rumbun bayanan kansa, domin irin wannan baƙon ba ya bayyana a jerin da kake gani a allo.