Da gaske kifi ya fi mu ganin launi?

Ɗan'uwa, ka ce da gaske ne kifi ya fi mutum ganin launi? Wasunsu, ƙwarai kuwa. Furotin da ke kama haske a ido sunansa ofsin. Na launi iri 3 gare mu, amma karfasar nan da masunta ke jerawa a bakin Kogin Kaduna tana da ƙwayoyin gadonsa har 7, wato umarnin da jiki ke gada daga iyaye wanda yake bi ya ƙera ofsin ɗin.

Wani lokaci ƙwayar gado kan kwafi kanta ta zama biyu. Ɗaya ta riƙe tsohon aikin, ɗayar ta samu sararin canzawa sannu a hankali har ta fara kama wani launin daban.

Abin da ya fi burge ni, a 2019 an gano cewa wani kifin ƙasan teku yana da kwafi 38 na ƙwayar gadon ofsin ɗin gani a duhu. Mu guda ɗaya tak gare mu.