Filin Lafiyarku: Tambayoyin Masu Karatu Kan Yoga da Zaman Natsuwa

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Zariya da kewayenta suka zo, kuma kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke: miƙe-miƙen jiki da sarrafa numfashin da mutane ke gani a waya da sunan yoga. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Samaru. Abokin ɗakina kullum da safe yana bin wani bidiyon yoga, yana cewa motsa jiki ne kawai. Ni kuwa na ji an ce bautar Indiyawa ce. Wanne ne gaskiya?

Wa alaikumus salam. Kai da abokinka kowa ya kamo gefe guda na gaskiyar. A Indiya yoga ta samo asali, kalmar ma daga harshen Sanskirit take, daga tushen da ke nufin haɗa abu biyu, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. A asalinta hanya ce ta ibada da horon rai, kuma tsohon littafin wani malaminta mai suna Patanjali da masu ita ke dogaro da shi ya kasa ta rassa takwas. Tsayuwa da zaman jiki reshe ɗaya ne kacal, sarrafa numfashi wani reshen. Waɗannan biyun ne suka fi bazuwa a duniya, har a Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga.

Malaman wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu duba lamarin. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta saboda abubuwan ibadar Hindu da ke cikinta. A Janairun 2009 majalisar malaman Indunusiya ta bambance: wadda aka haɗa da ibada ta haramta, wadda motsa jiki ce zalla ba ta shiga hanin ba. Mu ba masu fatawa ba ne, Zazzau kuwa ba ta rasa malamai ba, sai ka kai musu. Abin da ya shafi fagenmu shi ne mu nuna maka inda ibadar take fitowa a bidiyo: rera kalmar "om" ko wasu baitoci, jerin motsin da ake kira "surya namaskar" wanda ma'anarsa gaisuwa ga rana, da rusunawa gaban gunki ko hoto. Babu ko ɗaya cikinsu da lafiyar jiki ta rataya a kansa. Tsoka miƙa take buƙata, ko da wane suna aka kira ta, kuma da yawa daga cikin waɗannan motsin ana koyar da irinsu a sashen gashin ƙashi na asibiti ba tare da wani karatu ba.

Ina ɗinkin hannu a cikin birni, wajen Kwarbai. Nakan yi awa bakwai ko takwas a zaune a tabarma, kaina a sunkuye kan riga. Ƙugu da wuya sun hana ni sakat. Na gwada irin lanƙwasar da ake yi a waya, ciwon ya ƙaru. Ina mafita?

Malam, Allah ya sawwaƙe. Muna kyautata zaton abin da ka gwada shi ne miƙe ƙafafu ka sunkuya ka kamo yatsu, wataƙila ma da sassafe. Wannan shi ne abin da bayanka bai buƙata. Yini guda yana a lanƙwashe gaba, ka zo ka ƙara masa wata lanƙwasar. Kuma faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yakan tsotsi ruwa ya cika cikin dare, shi ya sa sunkuyo mai ƙarfi a awar farko bayan tashi daga barci ya fi takura shi. Bayanka juyawa ɗaya ɓangaren yake nema, da ƙarfin tsokar ɗuwawu da ta ciki.

Ga abin da za ka yi, a kan tabarma da bargo ninki biyu, ba a kan katifa mai laushi ba. Fara da rarrafe: tafuka daidai ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi daidai ƙarƙashin ƙugu. Kana fitar da numfashi ka ɗaga gadon bayanka sama kamar kyanwa in ta tashi daga barci, kana shaƙa ka sauke shi ƙasa a hankali. Sau goma, ba fizga. Daga nan ka kwanta ruf da ciki, ka dafa gwiwar hannu ka ɗaga ƙirji, ƙugu yana manne da ƙasa, ka tsaya daƙiƙa ashirin zuwa talatin kana numfashi yadda ka saba. Sau uku. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne miƙe hannu gaba ɗaya tun ranar farko da ɗage haɓa sama, sai wuya ya sanƙare. Idonka ya tsaya a ƙasa, kamar kamu biyu gabanka.

Sai ka juya rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su hau layi ɗaya, ka ƙirga biyar, ka sauke. Sau takwas, bayan mako biyu ka kai goma sha biyu. In bayan cinya ya riƙa ɗaurewa, dugaduganka sun yi nisa, matso da su kusa da jiki. Na ƙarshe na wuya ne, a zaune ake yi: ja haɓa baya kai tsaye, kada ka sunkuyar da kai, ka riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Duka ba za su ci maka minti goma sha biyu ba.

Amma fa minti goma sha biyu ba za su goge awa takwas ba in zaman bai canja ba. Sa matashi mai tauri ƙarƙashin ɗuwawu don ƙugu ya ɗara gwiwa tsawo, ka jingina da bango, ka ɗora rigar kan wani matashin a cinya don aikin ya zo wajenka. Kowane minti talatin zuwa arba'in ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu ka ɗan karkata baya sau biyar.

Ja da ɗan zafin miƙa ba komai. Ciwo mai suka, ko wanda ke gangarawa ƙafa yana ƙara nisa, alamar ka dakata ce. In kuwa akwai mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ko bayan gida yana kuɓucewa, ko ƙafa tana rasa ƙarfi, a ranar za ka tafi asibiti. Haka ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen ƙashi da na gashin ƙashi.

Ni malamar firamare ce a Tudun Jukun. Tunani ya yi mini yawa, barci sai dare ya raba. An ce in riƙa jan dogon numfashi ina kawar da tunani. Da na gwada sai jiri ya ɗebe ni, yatsuna suka riƙa tsikari, tunanin kuma sai abin da ya ƙaru.

Malama, shawarar da aka ba ki ce ta zo da gyara biyu. Na farko jirin. Kin ja numfashi mai yawa da sauri, sai jiki ya fitar da iskar kabon fiye da kima. In ta ragu a jini, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sukan ɗan tsuke, shi ne jirin, kuma tsikarin yatsu da leɓe daga nan yake. Ba ciwo ba ne, yana wucewa da zarar numfashi ya daidaita. Abin da ake nema numfashi mai sanyi, ba mai yawa ba.

Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ana so ki sauko wajen sau shida. Zauna a kujera ko a ƙasa ki jingina, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, hannun cibiya ne zai motsa, na ƙirji ya kusa tsayawa cik. Fitar kina ƙirga shida, a hankali, kamar mai hura kunu a cokali ba ta so ya fantsama. Tsawaita fitarwar ita ce gishirin abin: zuciya takan ɗan ƙara gudu lokacin shaƙa, ta rage lokacin fitarwa, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji zuwa ciki, wadda aikinta kwantar da jiki. In huɗu da shida sun yi miki tsawo, fara da uku da huɗu. Don kada ki riƙa duba agogo, ɗauki carbi mai ƙwaya 33, kowane numfashi ƙwaya ɗaya. Zagaye guda minti biyar da rabi ke nan. Sau biyu a rana ya isa, ɗaya bayan Asuba ko bayan an tashi makaranta, ɗaya kafin kwanciya.

Na biyu, batun kawar da tunani. Ba wanda ke iya wannan, kuma fassarar da wasu ke yi wa abin da "zuzzurfan tunani" tana ƙara rikita mutane, tunda a Hausa wanda ya yi zurfi a tunani shi ne mai damuwa. Mun fi son a ce zaman natsuwa. Aikin shi ne ki aza hankali kan abu ɗaya, misali sanyin iska a ƙofar hanci. Zai gudu zuwa albashi, zuwa yara, zuwa maganar da aka faɗa miki jiya. Da kin farga, ki dawo da shi ba tare da faɗa da kanki ba. Ko sau hamsin ya gudu, dawowar ita ce horon. Mai salla ya san wannan kokawa wajen neman khushu'i, mai lazimi da zikiri ma haka, kodayake ibada matsayinta daban, ba ma haɗa ta da atisaye. Tsarin irin wannan horo da aka fara a asibitin Jami'ar Masacusets ta Amurka a 1979 mako takwas ake yinsa, don haka kada ki yanke hukunci a kwana uku.

In rufe ido yana taso miki da wani mugun abu da ya taɓa faruwa, ki buɗe, ki kalli wuri ɗaya a ƙasa, ko ki yi ƙirgen kina tafiya a tsakar gida. Ki daina shan shayi mai ƙarfi da kofi daga La'asar, waya kuma ta yi nesa da shimfiɗa. In baƙin ciki, rashin jin daɗin komai da rashin cin abinci sun wuce mako biyu, ko zuciya ta fara raya miki cewa gara mutuwa, wannan ya wuce numfashi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Shika da asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, zuwa wurinsu kuma ba hauka ba ne.

Mahaifinmu a Sabon Gari yana da hawan jini. Wani ya ce masa in ya dage da yoga zai iya ajiye magani.

Kada ku bari Baba ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Numfashi mai sanyi da miƙa suna iya ɗan rage awon, amma ragin kaɗan ne, ba ya maye gurbin magani. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Likitan da ya rubuta maganin shi kaɗai zai rage shi, bisa awon da kuka rubuta masa na makonni.

Ya guji duk motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji, musamman tsayuwa a ka, haka mai hawan jinin ido. Ya guji riƙe numfashi yana yunƙuri, domin awon kan yi tsalle a lokacin. In ya gama motsi a kwance, ya zauna minti ɗaya kafin ya miƙe, tunda wasu magungunan na sa jiri. Abin da zai fi yi masa amfani tafiya ce da ɗan sauri, minti talatin, kwana biyar a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Gishiri kuma ƙasa da giram biyar a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ku gaya wa masu girki dunƙulen miya yana cikin lissafin.

Ina da ciki wata shida, ina zaune a Gyallesu. Zan iya yi?

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki fara tambaya a wajen awo. In sun ce babu matsala, motsin kyanwa da numfashin huɗu da shida sun dace da ke. Ki bar kwanciya ruf da ciki, da murɗa ƙugu da ƙarfi, da daɗewa a rigingine, domin nauyin mahaifa yakan danne babbar hanyar jinin da ke komawa zuciya. Ki kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi. Gaɓoɓi sukan saki lokacin goyon ciki, saboda haka kada ki miƙe har iyakar da jiki ya ba ki. Jini, zubar ruwa, ciwon mara ko ciwon kai mai tsanani, asibiti kai tsaye.

Daga Palladan: wane lokaci ya fi, kuma yaya za a yi da hunturu da azumi?

Lokacin da ba za ka fasa ba shi ya fi, muddin an yi awa biyu da cin abinci mai nauyi. Da hunturu ka yi a ɗaki saboda ƙura, ka fara taka ƙafa a wuri ɗaya na minti uku, don tsoka mai sanyi ta fi saurin jin rauni. Mai asma da mai sikila su rufe jiki sosai su sha ruwa. A zafin Maris da Afrilu, sassafe ko bayan Magariba. Da azumi, numfashin ba ya cin ƙarfi, kowane lokaci ana yi. Miƙar kuwa ka bar ta sai kamar awa biyu bayan buɗa-baki.