Hoto ne ko bugu? Amsar maigida ga Isuhu

Isuhu, ka tambaye ni ko heliyogarabur, wato hoton da ake ƙwaƙulewa a farantin tagulla a buga shi a takarda da tawada, yana cikin tsoffin hanyoyin fitar da hoto da hannu, irin su siyanotif mai fitowa shuɗi, ko kuwa aikin maɗaba'a ne kurum. Na san a waya ka tsinto wannan gardama, ku ƴan yanzu can ce makarantarku.

Yana ciki mana. Masu musu hujjarsu guda ce: wai takardar ba ta ga haske ba, tawada kawai ta sha a injin matsa. To wa ya zana farantin tagullar? Haske ne ya daskarar da jelatin, danƙon nan da ake lulluɓe farantin da shi, ruwan cin ƙarfe ya riga ratsa inda bai yi kauri ba, ya ƙwaƙule nan da zurfi, can sama-sama. Zurfin ne ke riƙe tawada, shi ya sa baƙinsa ke da nauyi. Talbot ya soma a Ingila a 1852, Karel Klíč ya kammala a Biyana a 1879. Barbaɗa garin ƙaro da share tawada kuwa, ba zan ɓata yawuna ba, kana da ido.

Wannan maganar ce ta cinye mini jika ɗari uku. Wani mai otal a nan Yamai ya ba ni aikin hotunan ƴan kokawa guda shida. Da na ga babbar riga, kunya ta hana ni karɓar kafin alƙalami, na yi odar faranti daga Faransa da kuɗina. Ga shi watan Afrilu ne, jelatin na narkewa a hannuna, faranti biyu suka lalace. Na koma aiki kafin asuba, ina sayen ƙanƙara ina sanyaya ruwa. Wata biyu cur!

Ran da na shimfiɗa masa su, ya shafa gefen takarda, ya ji sawun faranti, ya ce: "Malam, wannan ai bugu ne, ni hoto na ce." Na ce ranka ya daɗe, da wannan aikin mujallar Camera Work ta yi suna a Amurka tun 1903. Ya ce shi ba Ba'amurke ba ne. Na naɗe kayana.

Bayan wata uku na shiga otal ɗin, sai ga ƴan kokawata a bango. Ashe ina ta zuba bayani ɗansa na ɗaukarsu da waya, suka kai labo aka wanke musu a arha. Baƙin ya koma kamar toka, Allah ya isa.

Farantan na nan ƙarƙashin tebur, su ne kake ɗora wa kwanon shinkafarka. Ɗauke shi, ka je ka jiƙa takarda.