Me ya sa ::after ba ya fitowa a kan hoto?

Ɗan'uwa, ka ce ka sa ::after (dabarar CSS ta ƙara wa abu rubutu ko ado a shafin intanet) a kan img (alamar hoto a HTML) don kalmar "An sayar" ta hau kan hoton kaya, amma ba abin da ya fito. Dalilin shi ne ::before da ::after a cikin abu suke zama, shi kuwa img ba shi da ciki. Burauza ce take ɗauko fayil daga waje ta cike gurbinsa.

Ni ma na sha wuya a kan wannan lokacin da nake haɗa wa wata mai sayar da atamfa shafinta. Abin da ya fisshe ni: na saka hoton cikin figure (alamar HTML da ake zuba hoto a cikinta), na ba figure ɗin position: relative, sannan na ɗora ::after a kansa da position: absolute, top da left 8px. Nan take tambarin "An sayar" ya zauna a kusurwar atamfar.

Kada ka manta da content, inda ake rubuta abin da ::after zai nuna, ko da fanko ne (""), in babu shi komai ba zai bayyana ba. Idan ::after ɗin ya rufe hoton har ya hana a danna shi, ƙara pointer-events: none. Hoton da aka sa ta content: url() kuma ba ya bin width ɗinka, gara background-image da background-size.

Abin da ya fi damuna shi ne makafi. "An sayar" bayani ne, ba ado ba, kuma ba kowace manhajar karanta allo ke furta rubutun CSS ba. Sa shi cikin HTML. In shafin na ciniki ne babba, nemi ƙwararre ya gwada maka da NVDA, wata manhajar karanta allo.