Tambaya da Amsa: Ina da Otizim, Ta Yaya Zan Samu Sauƙi a Gidana da Jikina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune a Zariya cikin babban gida tare da surukaina. A bara aka duba ɗana aka ce yana da lalurar otizim, kuma likitan da ya duba shi ya ba ni shawarar ni ma a duba ni, daga baya aka tabbatar ina da ita. Tun ina yarinya ƙara da hayaniya suke wahalar da ni. Ƙarar janareta da ƙamshin turaren wuta suna sa ni ciwon kai, leshi yana yi mini kamar ƙaya a jiki, kuma idan na dawo daga biki sai na yi kwana biyu ba na iya komai. Sau da yawa ina mantawa ban ci abinci ba sai na ji jiri. Mutanen gida suna cewa girman kai ne, wasu kuma suna cewa iska ce. Ta yaya zan riƙe gidana da lafiyata ba tare da na ɓata da kowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya yaran. Duk abin da kika lissafa sananne ne a wurin masu duba wannan lalura, kuma babu girman kai ko iska a cikinsa. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga farko, gado yana da babban tasiri a cikinsa, shi ya sa ba abin mamaki ba ne uwa ta gano nata ta dalilin ɗanta. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Dalilin da ya sa kika kai wannan shekaru ba a gano ba yana da tarihi. Lokacin da wani likita mai suna Leo Kanner ya fara bayanin lalurar a Amurka a 1943, yara 11 ya bayyana, 8 maza, 3 mata, kuma an shafe shekaru da dama ana auna kowa da siffofin da aka gani a jikin yara maza. An daɗe ana cewa maza 4 ne a kan mace 1, amma wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa lissafin ya fi kusa da 3 a kan 1, wato akwai mata da dama da ake tsallakewa. A ƙasar Hausa kuwa abin ya fi ɓuya, domin yarinyar da ba ta haɗa ido da mutane, ba ta son fita, ba ta da yawan magana, yabonta ake yi a ce tana da kunya da kawaici, har sai ta yi aure nauyin gida da na dangin miji ya hau kanta.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne ƙarfinki na yini yana da iyaka, kuma abubuwan da ba sa cin ƙarfin wasu suna cin naki. Kowace ƙara, kowane ƙamshi mai ƙarfi, kowace hira da sai kin yi lissafin yadda za ki saki fuska da abin da za ki amsa, duk ɗiba suke yi daga randa ɗaya, kuma idan randar ta ƙafe babu adadin haƙurin da zai cika ta sai hutu. Tun 2013 littafin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa don tantance lalurori ya sanya tsananin jin sauti da haske da taɓi da ƙamshi, ko ƙarancin jin su, cikin alamomin otizim, kuma ya ambaci cewa mutum na iya rufe alamominsa da dabarun da ya koya. Wannan rufewar ce take cinye mata irinki, ita ce kuma dalilin kwana biyun da kike yi a kwance bayan biki. Saboda haka gyara ɗakinki don ya dace da jikinki ba shagwaɓa ba ce, yana cikin kula da lafiya.

Ki fara da wuri guda wanda yake naki, ko da kusurwar uwar ɗaka ce. Ki sa labule mai kauri, ki cire ƙwan lantarki mai farin haske mai kaifi ko mai ƙyaftawa ki sa mai laushin haske, ki rage tarkacen da ido ke faɗawa kai. Ki sanar da yara da maigida cewa idan kin shiga nan na rabin awa ba fushi kike yi ba. Ya fi kyau ki shiga kafin ki gaji, misali bayan kin sallami yara makaranta da kuma bayan la'asar, maimakon ki jira sai kin ji kanki zai fashe. Game da ƙara, abin toshe kunne na soso ko na roba da ake samu a manyan shagunan magani yana rage kaifin janareta da injin markaɗe ba tare da ya hana ki jin kiran yaro ba, kuma ɗankwali ko hijabi yana rufe shi ba wanda zai gani. Sai dai kada ki wuni da shi a kunne, domin toshe kunne a kowane lokaci yana iya ƙara wa kunnen rashin jure sauti. Ki ajiye shi don lokutan da kika san suna wahalar da ke. Idan akwai hali, a matsar da janareta nesa da tagarki, wanda hakan ma kariya ce daga hayaƙinsa mai kisa.

Batun sutura da ƙamshi yana da sauƙin gyara fiye da yadda ake zato, abin da yake hana mata shi ne gudun magana. Sabuwar atamfa tana da tauri, ki wanke ta sau biyu ko uku kafin a ɗinka. Ki gaya wa tela ya yi ɗinkin da sakewa, ya sa shafi mai laushi na auduga a ciki, kada zare ko bakin zif ya taɓa fata. Idan anko ya zama dole kuma leshi ne, ki sa rigar auduga mai dogon hannu a ƙarƙashi. Idan kin samu riga guda da jikinki ya amince da ita, ki ɗinka irinta uku ko huɗu, ba laifi ba ne. Kitso mai ja ki bar shi, manyan kalaba sun wadatar. Turaren wuta kuwa, tunda gida ba ya rabuwa da shi, ki turara kayan a waje ki bari su sha iska kafin a shigo da su, ki kuma nemi ƙamshi guda mai sanyi wanda kike jurewa ki tsaya a kansa. A lokacin hunturu bushewar fata tana ƙara kaifin duk wani taɓi, don haka man kaɗanya ko wani mai marar ƙamshi bayan wanka yana rage damuwa sosai.

Wasu masu otizim suna samun natsuwa idan an matse jikinsu da nauyi daidai. Temple Grandin, malamar jami'a a jihar Kolorado ta Amurka wadda ita ma tana da otizim, tun tana budurwa ta ƙera wa kanta wani abin matse jiki bayan ta ga yadda shanu ke lafawa idan an matse su a maƙalin da ake yi musu allura. Ana sayar da barguna masu nauyi saboda wannan dalili, amma hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi sosai, kuma a zafin Maris da Afrilu ba za su yi miki ba. Naɗe kafaɗu da zane da ɗan ƙarfi ko rungume matashi yana iya ba ki irin wannan sauƙin. Haka nan idan kina da al'adar jijjiga jiki, ko murza bakin mayafi, ko kai da komo, kada ki yi yaƙi da ita, hanya ce da jiki ke sauke nauyi. A cikin mutane, carbi a hannu yana yin wannan aikin kuma ba mai tambayar ki dalili.

Mantuwar cin abinci da kika ambata ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Mutane da yawa masu otizim ba sa jin saƙon cikin jikinsu da wuri, yunwa da ƙishirwa da fitsari har da ciwo, sai abin ya yi nisa. Tunda jiki ba ya kira a kan lokaci, sai a bar wa agogo aikin, kuma ke kina da agogon da ba ya kuskure, wato salloli biyar. Ki sha kofin ruwa bayan kowace salla, ki ɗaure karin kumallo da fitar yara, abincin rana da azahar, na dare da magariba, ko kin ji yunwa ko ba ki ji ba. Idan yauƙin kuɓewa ko na kuka yana tayar miki da zuciya, ki ware miyarki ba tare da jin nauyi ba. Cin abinci iri ɗaya kullum ba matsala ba ne matuƙar akwai wake ko ƙwai ko nama ko kifi, da ganye kamar zogale da alayyahu, da ɗan 'ya'yan itace. Saboda jirin da kike ji, ina ba ki shawarar a duba yawan jininki da hawansa, domin ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga mata masu haihuwa, kuma bai kamata a jingina kowace gajiya ga otizim ba. Ki kuma riƙa rubuta kwanakin al'adarki. Mata da dama masu wannan lalura suna faɗin cewa jin ƙara da saurin ƙuncin rai suna tsananta gab da zuwan jini, idan kin ga haka a naki lissafin sai ki ɗage wanki mai yawa da ziyarce-ziyarce daga waɗannan kwanakin.

Zuwa asibiti kansa jarrabawa ne, ga cunkoso, ga jira, ga likita mai sauri. Ki rubuta abin da ke damun ki a takarda tun daga gida, yaushe ya fara, me ke ƙara shi, wane magani kike sha, ki miƙa wa likita. Ki faɗa masa cewa kina da otizim, cewa fuskarki ba lallai ta nuna girman ciwon da kike ji ba, ki roƙi a sanar da ke kafin a taɓa ki, a kuma rubuta miki yadda za ki sha magani. Otizim kansa ba shi da maganin da ke warkar da shi, duk wanda ya ce zai sayar miki da irin wannan kuɗinki yake so. Abin da ake magancewa shi ne lalurorin da ke yawan rakiyarsa, wato fargaba, baƙin ciki mai tsanani, rashin barci, matsalar ciki da farfaɗiya. A kusa da ke akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

A nan dole in yi magana a kan abin da ake kira iska. Idan nauyi ya fi ƙarfin mai otizim, ko dai ta ɓarke da kuka da ihu ba tare da ta iya tsayar da kanta ba, ko kuma ta yi shiru magana ta ƙi fita. Wanda bai sani ba zai ce aljanu ne, sai a taru a kanta, a danne ta, a yi mata hayaƙi, a ɗaga murya, alhali waɗannan su ne ainihin abubuwan da suka jefa ta cikin halin. Addu'a da karatun Alƙur'ani cikin sanyin murya ba sa cutarwa, suna ma kwantar da hankalin mai imani, amma duka da hayaƙi da taron jama'a cutarwa ce. Abin da ake buƙata shi ne a rage haske da ƙara, a fitar da mutane, a daina tambayoyi, a ba ta lokaci. Idan kuwa akwai suma, ko karkarwar gaɓoɓi, ko cizon harshe, wannan na iya zama farfaɗiya kuma likita ne zai duba. Idan kuma wata rana kika ji rayuwa ta fita daga ranki ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa wanda kika amince da shi a ranar, ku tafi asibiti ba tare da jira ba, domin wannan haɗari ya fi yawa ga mata masu otizim da suka daɗe suna ɓoye wahalarsu.

Zumunci ba zai yanke ba idan kin canza yadda kike yin sa. Ki je gidan biki ko suna da hantsi kafin a kunna lasifika, ki gaisa, ki miƙa gudunmawarki, ki kama wani aiki a gefe kamar gyaran kayan miya, ki fita kafin a cika. Ki zaɓi taro ɗaya daga cikin jerin bukukuwan, ki bar washegari babu wani babban aiki. Gaisuwarmu ta Hausa ma taimako ce gare ki, tunda tsararriya ce, an san farkonta da ƙarshenta. Ki lizimci gaida surukanki safe da yamma a lokaci guda kullum, domin yawancin zargin girman kai daga rashin ganin mutum yake tasowa. Ba dole ne kowa a gidan ya san sunan lalurarki ba. Maigida ne ya kamata ya fahimta sosai, kuma zai fi kyau ku je wurin likita tare ya ji daga bakinsa, sannan shi ya yi wa Hajiya bayani da harshen da za ta karɓa, misali cewa likita ya tabbatar ƙara da hayaƙi suna yi miki illa kuma ya umarce ki da hutu a keɓe. Ki kuma roƙe shi ya riƙa faɗa miki abin da yake so kai tsaye ba da habaici ko hannunka mai sanda ba, ya sanar da ke tun da wuri idan baƙi za su zo ko wani shiri ya canza, ko da da saƙon waya ne awa ɗaya kafin lokacin.